Na'urar hoton ƙashin kai: in zuba jari ko in dakata?

Tambaya: Ina sayar da shadda a Kasuwar Wunti, Bauchi. Ƙanena likitan haƙori ne, yana so in ba da jari mu buɗe wurin ɗaukar hoton ƙashin kai na masu son a daidaita musu haƙora. Dillalin na'urar ya ce manhajar ƙirƙirarriyar basira za ta yi awon ita kaɗai, ba sai da ƙwararre ba. Haka ne?

Amsa: Alhaji, dillali ya faɗa maka rabi ya riƙe rabi.

Tun 1931 likitoci ke wannan awo. Ana ɗaukar hoton kai ta gefe, likita ya ɗiga alama a wasu wurare na ƙashi, ya auna yadda muƙamuƙin sama da na ƙasa suka zauna. Da hannu aikin yana cin lokaci, manhaja irin WebCeph kuwa kafin ka kurɓi shayi ta gama. Masu bincike sukan amince da kuskuren da bai wuce milimita 2 ba, kuma yawancin alamomin da manhaja ke sawa suna cikin wannan iyaka. Amma wajen ramin kunne da kusurwar muƙamuƙi takan kauce, domin a nan ƙashin dama da na hagu ke hawa kan juna a hoto. Da wannan awo ake yanke shawarar cire wa yaro haƙori ko barinsa, shi ya sa abin yake damuna. Sannan yawancin hotunan da aka koya wa manhajojin na mutanen Asiya da Turai ne, alhali haƙoran mutanenmu sun fi turowa gaba. Dole likitan da ya ƙware a daidaita haƙora ya duba kowace alama, ya gyara. Sa ladansa a lissafi tun yanzu.

Bayan kuɗin na'urar akwai sauran ɗawainiya: ga lasisin hukumar NNRA mai kula da tururin nukiliya, ga ɗaki mai kariyar dalma, ga ma'aikacin hoto mai rajista, ga sola ko janareta. Kuɗin manhaja kuma sau da yawa da dala ake biya.

Ni abin da na fi so ka bincika shi ne yawan masu zuwa ɗaukar hoton. Ƙanenka ya zagaya asibitocin haƙori na Bauchi da Gombe, ya ƙirga mutum nawa suke turawa wannan hoto a wata. In adadin ya gamsar da kai, ku sayi na'urar da ke ɗaukar hoton haƙora gaba ɗaya ma, don shi aka fi nema kullum. Rabon riba da asara kuwa ku rubuta shi gaban shaidu kafin ko kwabo ya fita daga hannunka.