Tambayi Bakanike: Kunkurun Baba Ta Shekara 14 A Ajiye, Za Ta Tashi Kuwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba Bakanike. Ni malamin makaranta ne a Zariya. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana motarsa Volkswagen Beetle, wadda muke kira Kunkuru. Sabuwa fil ya saye ta a 1976, da abin da ya rage masa na kuɗin Udoji da ɗan rancen ofis. Yau shekararta 14 a ƙarƙashin rumfa a tsakar gida, tayoyi sun zauna, kaji na ƙwai a kujerar baya. 'Yan'uwana sun ce a sayar wa 'yan gwangwan a raba kuɗin, ni kuwa a cikinta aka riƙa kai ni firamare. Ban koyi kanikanci ba, amma da kaina nake gyara janareto da babur ɗina. Zan iya tayar da injin nan a gida?

AMSA: Wa'alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan Baba, ya kyautata namu bayan nasa. Kafin ka ɗauki sifana, ka fara gama maganar gado. A yi wa motar kuɗi a gaban kowa, ka biya 'yan'uwanka rabonsu, mata da maza, ta zama taka halak malak. Idan ba haka ba, ranar da ta fito da sabon fenti tana ƙyalli, ranar za a tuna cewa ta kowa ce.

Amsar tambayarka kuwa, e, za ka iya. A duk injinan motar da na taɓa buɗewa, babu wanda ya kai na Kunkuru sauƙin fahimta. Ba lagireto, ba ruwa, ba kwamfuta. Silinda huɗu ne a kwance, biyu dama biyu hagu, iska ce kaɗai ke sanyaya su. Mai yiwuwa ma a nan gida aka haɗa taku, domin a 1975 kamfanin Volkswagen ya fara harhaɗa su a Ojo da ke Legas, a shekarar da Peugeot ya fara nasa a Kaduna.

Amma kada ka fara da inji. Ɗaga kujerar baya ka duba gurbin batir, domin a nan ruwan batir ke cin ƙarfen ƙasa. Sannan ka ɗauki sukudireba ka bi dokin ƙofa ta ƙasa, dama da hagu, kana dannawa. Waɗannan dogayen ƙarafan su ne ƙashin bayan jikin motar. In sun yi tauri, ka gode wa Allah, busasshiyar iskar Arewa ta yi maka aiki. In kuwa sukudireba ta shige kamar a cikin biredi, to kuɗin walda zai iya fin kuɗin inji, ka san da wannan tun yanzu.

Abin da nake roƙonka, kada ka kawo batir ka murɗa makulli don ka ji ko za ta yi tari. Injin da ya shekara 14 bai juya ba, ring ɗin da ke jikin fistin ɗinsa ya manne da tsatsa, ƙarfin sitata kuwa karya shi zai yi. Cire fulogi huɗun, ka zuba ɗan baƙin mai gauraye da kananzir a kowane rami, ka bar shi mako guda. Daga nan ka sa sifana a notin fulin ƙasa, ka gwada juyawa a hankali, gaba kaɗan baya kaɗan. Sai gwajin da ya fi kowanne gaya maka gaskiya: kama fulin nan da hannu biyu, ka ja shi wajenka, ka tura shi ciki. Wasan da aka yarda karanshaf, wato babban sandan da fistin ke juyawa, ya yi gaba da baya bai wuce milimita 0.07 zuwa 0.13 ba, kaurin gashin kai ke nan. In ka ji ƙwas-ƙwas har idonka ya ga motsin, to akwai alamar metal, wato zoben ƙarfe mai laushi da karanshaf ke juyawa a cikinsa, ya ci mazauninsa a cikin kaskon injin, aikin ya zama na masu injin gora, wato masu na'urar rarake ƙarfe da goge shi daidai awo.

Sauke injin ba wuya. Noti huɗu ne kacal ke riƙe da shi a jikin giyabos. Ka cire wayoyi, da tiyon fetur, da wayar totur, ka sa jak mai taya da katako a ƙarƙashinsa, ku ja shi baya ku sauke, sannan a ɗaga bayan motar a zaro shi ta ƙasa. Nauyinsa ya ɗan haura kilo 100, don haka ku zama mutum biyu. Kafin ka kwance komai, ka ɗauki hoto da wayarka ta kowace kusurwa, ka kuma kwafi lambar injin da ke ƙarƙashin mazaunin dinamo. Ita za ta gaya wa mai sayar da kaya ko 1300 ne, ko 1500, ko 1600. Faɗin fistin ɗinsu ya bambanta, milimita 77 da 83 da 85.5.

Tara gwangwanayen madara da yawa. Kowane rukunin noti da nasa gwangwani, da rubutu a jiki. Kayan silinda ta ɗaya kada su haɗu da na ta biyu. In ka tsaya a bayan mota, ta ɗaya tana dama ta can ciki, ta biyu dama ta kusa da kai, ta uku hagu ta ciki, ta huɗu hagu ta kusa. Kuma ka nemi ɗaki mai ƙofa. Kada ka haɗa inji a tsakar gida a lokacin hunturu, domin ƙurar da za ta sauka a kan metal cikin yini ɗaya ta isa ta goge shi a wata uku.

Kaskon injin ɓari biyu ne da suka rungumi karanshaf da kamshaf, kuma da magniziyam aka yi shi. Ƙarfe ne marar nauyi, amma garinsa na kamawa da wuta, ruwa kuma ƙara rura ta yake yi. Kada ka kai shi wurin mai waldan bakin titi, kada ka wanke shi kusa da murhu. Abubuwa uku ba na gida ba ne: goge karanshaf, gyaran mazaunin metal a kasko, da zaunar da sababbin bawul a kan silinda. Waɗannan ka kai wa masu injin gora, ka karɓi awon da suka yi a rubuce, sannan ka sayi metal daidai da awon. Babban notin da ke riƙe da fulawil, wato faifan ƙarfe mai nauyi da ke ƙarshen karanshaf ta wajen giyabos, shi ma yana son ɗauri mai tsanani, wajen mita-kilo 30 ko sama, sai da dogon ƙarfe da abin tare fulawil ɗin.

Wajen haɗawa, ga inda sababbin hannu ke faɗuwa. Kowane metal na karanshaf yana da ɗan rami a bayansa, a kasko kuma akwai ɗan ƙaramin fegi da zai shiga ramin. In fegin bai faɗa raminsa ba ka ɗaure kasko, ka murƙushe metal, injin kuma zai buga kafin ka kai Samaru. Saboda haka bayan kowane ɗauri ka juya karanshaf da hannu. Ya kamata ya tafi sumul, in ya cije ka tsaya ka buɗe. Ɗigon da ke jikin haƙorin kamshaf ya zauna tsakanin ɗigo biyu na haƙorin karanshaf. Kibiyar da ke kan kowane fistin ta kalli wajen fulawil. Tsakanin ɓari biyun ba a sa gasket, gam ake shafawa siriri kamar man leɓe, domin in ya yi yawa zai tsinke ya toshe hanyar mai. Ka ari sifana mai awon ƙarfin ɗauri, ko ka saya. Ingarmun kan silinda, wato dogayen ƙusoshin da ake ɗaure shi da su, a cikin ƙarfe mai laushi suke, ɗaurin ganin dama zare su yake yi.

Sai maganar da na fi so ka riƙe, ta gwangwanayen da suka lulluɓe injin. Mutane na ɗaukarsu ado. Su ne lagireton motar nan. Fanka na hura iska a cikin wannan rumfar, gwangwanayen kuma su ke tilasta mata bi ta tsakanin haƙarƙarin silinda. A shekarun 1980 an taɓa jawo mini wata Kunkuru da igiya daga wajen Kwanar Dangora, ana tsakiyar zafin bazara. Mai ita dattijo ne, sati biyu ke nan da aka yi masa sabon aikin inji a wani gareji. Da na kwance notin mai, abin da ya zubo yana walƙiya kamar an barbaɗa masa garin azurfa. Kan bawul ɗin hayaƙi na silinda ta uku ya cire ya huda fistin, ramin har babban yatsana na shiga. Na leƙa ƙasa, babu ƙananan farantan da ke zama a ƙarƙashin silinda, babu robar da ke kewaye ɗakin inji. A but na same su, a ƙulle cikin buhu, wai an ce masa tarkace ne da suka yi saura. Dattijon nan ya zauna a kan benci ya riƙe fistin ɗin da hannu biyu, ya daɗe bai ce komai ba. Kuɗin da ya tara na aurar da 'yarsa ya taɓa ya yi aikin. Har yau ina ganin fuskarsa. Ka lura, farantan nan ana sa su ne kafin bututun sandunan bawul, in ka manta sai ka sake kwance kan silinda.

Ranar tayarwa, ka zuba baƙin mai lita biyu da rabi, ka cire fulogi, ka juya injin da sitata har fitilar mai ta mutu, sannan ka mayar da su ka tayar. Ka bar shi yana gudu sama da sulo na kamar minti 20, ka juye man, ka sa sabo. Kada ka fita titi sai ka sake duk robobin birki da tiyonsa da tayoyi. In ta tashi, ka fara kai Mama unguwa a ciki in tana raye, ka kuma rubuto mini.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ina da Kunkuru da nake zuwa gona da ita a wajen Maraɗi. Injin yana ƙara kas-kas kamar keken ɗinki, sai wani yaro ya matse mini bawul, ƙarar ta ɗauke. Amma yanzu in ta yi zafi ba ta da ƙarfi, kuma da safe tana wuyar tashi. Mene ne ya faru?

AMSA: Alhaji, ka ajiye ta yau ɗin nan, kada ka sake hawa sai an sassauta bawul ɗin. Wannan ƙarar da ta dame ka lafiya ce. Bawul ɗin hayaƙi ba shi da wata hanyar huce zafinsa sai in ya koma ya zauna daram a mazauninsa. Da aka matse shi, ya daina rufewa sosai, wuta na bi ta gefensa, shi ya sa ƙarfi ya ragu. In aka ci gaba, gefen zai ƙone ko kan ya cire gaba ɗaya.

Gyaran bai fi na rabin awa ba, amma sai inji ya kwana ya yi sanyi ƙalau. Tazarar ita ce milimita 0.15 a duk bawul takwas ɗin, da fila gej, wato siraran ƙarafan auna tazara, ake aunawa, ya shige da ɗan jan hannu. Wutar injin tana bin 1, 4, 3, 2, a kawo kowace silinda kan wutarta sannan a auna nata. Duk kilomita 5,000 ake wannan aikin, tare da juyen mai, domin injin ba shi da filtar mai irin ta motocin yanzu, 'yar rariya ce kawai a ƙasa, a wanke ta da kananzir. In aka ga bawul ɗaya kullum shi ne ke matsewa da kansa, musamman na silinda ta uku, to miƙewa yake yi, a canza shi tun bai tsinke ba. Ta ukun ta fi shan zafi a tsofaffin injina saboda na'urar sanyaya mai tana tsaye a kan hanyar iskarta, sai daga 1971 aka fara fito da wasu injinan da aka matsar da ita gefe.

Tunda hanyar gona kake bi, ka riƙa leƙa bayan fanka, leda ko ganye ɗaya ya isa ya toshe ta. Ka ajiye ƙarin fanbel a mota. In fitilar caji ta kama kana tafiya, ka tsaya nan take, domin bel ɗin da ke juya dinamo shi ne ke juya fanka.

TAMBAYA: Baba, ni ɗaliba ce a Kano, ni da yayana muke gyaran wata Kunkuru. A ina za mu samu kaya? Wani ya ce mu cire injin mu sa na Golf mu huta.

AMSA: 'Yata, Allah ya yi muku albarka. Ku bar mata injinta. Na Golf ruwa yake so, sai an yanka jiki an nemi gurbin lagireto, kuma darajar motar ta tafi ke nan. Kaya kuwa ba su ƙare ba. An ƙera motar nan sama da miliyan 21, ta ƙarshe ta fito ne daga Puebla ta ƙasar Meziko a Yulin 2003, kuma har yanzu ana buga fistin da silinda da metal sababbi. Ku fara da Ƙofar Ruwa, ku tambayi dattawan kasuwar, su suka san wanda ke da tsohon ajiya. In ba a dace ba, akwai Fanteka a Kaduna da Ladipo a Legas. Ku tafi da tsohon abin a hannu ku gwada, kada ku saya da baki. Gwangwanayen inji da kafireto ƙirar Solex, tsoho na asali ya fi sabon jabu. Amma tiyon fetur sabo za ku sa, da maɗauri a kowane baki, ku kuma girgiza ɗan bututun tagulla da ke shiga kafireto ku tabbatar bai yi sako-sako ba, domin ficewarsa ce ke watsa fetur a kan inji mai zafi, yawancin Kunkurun da na ga sun ƙone a titi, daga nan wutar ta tashi.