Dillali ya ce an riga an duba gidan: amsa ga ɗan'uwanmu na Greensboro

Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wani ɗan Maraɗi mazaunin Greensboro, a jihar Karolina ta Arewa a Amurka. Shekara tara yana tuƙin babbar mota yana tara kuɗi, ga shi yanzu ya ga gida mai ɗaki uku, ginin 1972. Dillalin na gida ne, surukin aminin yayansa. Ya miƙa masa shafi biyu na rahoton binciken da mai gidan ya sa aka yi a watan Janairu, ya ce kada ya ɓata kuɗinsa wajen kiran wani mai dubawa, ya sa hannu kafin Juma'a, ya kuma rage wa'adin bincike, wato kwanakin da ake ba mai saye ya duba gida kafin ciniki ya tabbata, zuwa kwana uku don tayinsa ya fi na sauran armashi. Da ya nuna ɗari-ɗari, sai Yaya ya bugo waya daga gida: "Mutumin nan namu ne, kada ka ba mu kunya." Tambayarsa ita ce, ko ya dogara da rahoton nan?

Ɗan'uwa, wa alaikas salam. Karɓi rahoton ka karanta, amma kada ka sayi gida a kansa. Nemo naka mai duba gidan, wanda kai ka zaɓa, kai ka biya.

Ban ce wanda ya rubuta rahoton maƙaryaci ba ne. Jiharku tana ba masu wannan sana'a lasisi, kuma yawancinsu suna tsoron rasa shi. Sai dai kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mai gidan ne ya ɗauke shi aiki, sunan mai gidan ne a yarjejeniyarsu. Ranar da rufi ya fara yoyo a kan gadon 'ya'yanka ka je masa da takardar, zai ce bai san ka ba, kuma gaskiya ya faɗa.

Sannan dubi kwanan watan. Rahoton Janairu labarin Janairu yake bayarwa. Masu duba gida ba sa kunna na'urar sanyaya ɗaki a tsakiyar hunturu, domin kunna ta cikin sanyi kan iya lalata ta. Ke nan akwai yiwuwar babu wanda ya gwada ta, kai kuwa ka san zafin Yuli a garinku. Shafi biyun da aka ba ka ma taƙaitawa ce kawai. Cikakken rahoto shafuka ne masu yawa da hotuna, kuma a ciki ake rubuta wuraren da mai dubawa bai iya shiga ba: an tara kaya a bakin ƙofa, an kulle soron sama, ruwa ya kwanta a ƙarƙashin gida. Ka ce a ba ka shi gaba ɗaya, haɗe da rasit na duk gyaran da suka ce sun yi. Idan aka fara yi maka hanya-hanya, ka riga ka sami amsa.

Na taɓa raka wasu ma'aurata 'yan uwanmu duba wani gida da aka ce musu lafiyarsa lau. Fenti sabo, kafet sabo, ƙamshi ko'ina, uwargida har ta zaɓi inda za ta ajiye kujeru. Mai dubawar ya sa rigar aiki ya rarrafa cikin kogon da ke ƙarƙashin daɓen, ya kira maigidan ya leƙo da tocila. Sukudireba ya soka a gungumen da ke ɗauke da falon, ta shige har ƙota kamar an soka ta a burodi, gari na zuba. Gara ta cinye cikin katakon ta bar ɓawo. Rahoton mai gidan bai yi ƙarya ba, cewa ya yi ba a shiga wurin ba. Babu dai wanda ya karanta wannan layin.

Ga inda tarkon jiharku yake. A Karolina ta Arewa kuɗi biyu kake ajiyewa. Akwai kuɗin wa'adin bincike, wanda ke tafiya kai tsaye aljihun mai gida, kuma ba ya dawowa idan ka fasa. Akwai kafin alƙalami, wanda ake riƙewa amana, shi yana dawo maka muddin ka janye kafin wa'adin ya cika, da ƙarfe 5 na yammar ranar da aka rubuta. Minti ɗaya bayan haka, in ka fasa, duka biyun sun tafi. Mai gida kuma ba dole ba ne ya gyara ko ƙusa ɗaya. To kwana uku me za su isa? Kafin ka sami mai dubawa, ya zo, ya rubuta, ka kira mai gyara ya yi maka lissafi, wa'adi ya shuɗe. Nemi mako biyu ko uku, kuma kada ka zuba a kuɗin farkon abin da ba za ka iya haƙura da shi ba. Ka lura da takardar bayanin halin gida da mai sayarwa ke cikewa: dokar jihar ta yarda ya zaɓi gurbin da ke nufin "ban ce komai ba". Ƙirga sau nawa ya zaɓe shi.

Ginin 1972 yana da nasa tambayoyin. Duk gidan da aka gina kafin 1978, dokar tarayya ta ba mai saye kwana 10 ya gwada fentin ko akwai dalma, sai in shi da kansa ya sa hannu ya yafe. Mai ƙananan yara ba ya yafe wannan. A shekarun nan an yi ta sa wayar lantarki ta alminiyam, a duba. A sa kyamara a bututun da ke fitar da ruwan ƙazanta, a gwada radon, wata iska mai cutarwa da ke fitowa daga ƙasa, a kira mai duba gara. Waɗannan ukun na ƙarshe ba sa cikin bincike na yau da kullum, daban ake biyansu. Shi kuwa wanda banki zai turo, farashi ya zo ƙiyastawa don kare kuɗin banki, ba lafiyar gidanka ta kawo shi ba.

Dillalin fa, tambaye shi a fili: wa kake wakilta? Idan shi ne kuma dillalin mai gidan, doka ba ta yarda ya tsaya wa ɓangare biyu ba sai da amincewarka a rubuce. La'adarsa ba ta fitowa sai an kammala ciniki, shi ya sa Juma'a ta dame shi. Na sha ganin 'yan ci-rani sun tsira daga baƙon dillali sun faɗa hannun na gida, saboda na gida ba a iya yi masa tambaya, kunya ta ɗaure baki.

Yanzu batun Yaya. Girmansa yana nan, ba na ce ka ɗaga masa murya ba. Amma a wannan magana bai yi maka adalci ba. Shi da zai sayi rago a kasuwa sai ya buɗe bakinsa ya ga haƙora, ya shafa ƙirji, ya ɗaga ƙafa, ko da a hannun amininsa zai saya, kuma babu mai cewa ya ci mutuncin kowa. Me ya sa kai za a ce ka yi cinikin biri a sama a kan bashin shekara 30? Idan tushen gidan ya tsage, ba daga Maraɗi za a aiko da kuɗin gyara ba. Kai za ka ƙara dare a kan titi, kuma abin da kake aika wa Hajiya duk wata shi zai fara raguwa. Faɗa masa haka cikin ladabi, ka ce dala 400 zuwa 600 za ka kashe don ka kare gumin shekara tara, da kuma abincin gidan da shi kansa yake ciki. In surukin amininsa mai gaskiya ne, binciken zai wanke shi.

Ranar dubawa ka ajiye motar, ka je da kanka. Awa uku ne ko huɗu. Sa tsofaffin kaya, riƙe tocila, in ya durƙusa zai shiga ƙarƙashin gidan ka durƙusa tare da shi.