In sayi kwamfuta ne kafin in ƙarasa littafina?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekara biyu ke nan ina rubuta labarina na farko a waya. Na kai babi na tara, kalmomi kusan 21,000, sai na tsaya cak. Duk ranar da na buɗe, babi na ɗaya nake komawa ina gyarawa. Yanzu ina tara kuɗi in sayi kwamfutar tafi-da-gidanka da manhajar rubuta littafi mai suna Scrivener, don a ganina rashin kayan aiki ne ya tsayar da ni. In saya ko in haƙura?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ki riƙe kuɗinki tukuna. Wayar da ta kai ki babi na tara za ta kai ki na goma. Abin da na hango a wasiƙarki shi ne ba ki san abin da zai faru a gaba ba, shi ya sa kike fakewa da babi na ɗaya, inda komai ya riga ya zauna. Gyara yana da daɗi saboda yana kama da aiki, ga shi babu fargaba a cikinsa. Sayayya ma haka take: muddin ana jiran kwamfuta, akwai uzurin ƙin zama.

Ga abin da nake so ki yi a makon nan. Ki ɗauki takarda ki rubuta, layi ɗaya ga kowane babi, abin da ya rage har ƙarshe. In kin kasa, ki fara daga ƙarshen: ina jarumarki take a shafin ƙarshe, me ta samu, me ta rasa? Daga nan ki riƙa jawowa baya. Sannan ki haramta wa kanki taɓa babi na ɗaya. In kin tuna wani gyara, ki rubuta shi a gefe ki wuce.

Ki yanke wa kanki kalmomi 300 kullum, aikin da bai fi rabin awa ba. A kwana 100 kin sami 30,000, kin haye 50,000 ke nan, tsawon da ya isa a kira shi littafi. Ranar da zama ya gagara, ki gwada dabarar Pomodoro da Francesco Cirillo ya ƙirƙiro: minti 25 na aiki, waya a yanayin jirgi, sai hutun minti biyar.

Game da Scrivener, manhaja ce mai kyau wajen jujjuya babuka da tara bayanan jarumai, amma amfaninta ya fi fitowa a zubi na biyu, wato lokacin sake rubuta littafin bayan an kai ƙarshensa. Ki sani kuma ba ta aiki a wayar Android, sai Windows da na'urorin Apple. A kwamfuta tana da gwajin kwana 30 kyauta, don haka kada ki biya sai kin ɗanɗana. In yatsu ne ke ciwo, ƙaramin kibod mai haɗuwa da waya ta Bluetooth ya wadatar. Abu ɗaya da ba zan yarda ki jinkirta ba shi ne adana kwafi. Yau ɗin nan ki zuba rubutun a Google Docs ko ki tura wa kanki ta imel, domin waya takan faɗa ruwa ba sallama.

Tambaya: Na gama zubin farko jiya. In ba edita ya duba mini, in biya shi?

Amsa: Barka da ƙoƙari, Malam, ka yi abin da da yawa suka fara suka bari. Amma kada ka biya kowa yanzu. Ka ajiye shi wata guda, sannan ka buga a takarda ka karanta da biro a hannu, kamar na wani ne. Zubi na biyu na gini ne: babin da bai motsa labari ba ya fita, jarumai biyu masu aiki ɗaya su koma mutum guda. Na uku ne na harshe da ƙa'idojin rubutu. In ka kai wa edita yanzu, za ka biya kuɗin gyaran shafukan da kai da kanka za ka yar. Bayan zubi na biyu ka ba mutum biyu masu son karatu, waɗanda ba sa jin nauyinka, ka roƙe su su yi maka alama a duk inda suka ji sun ƙosa.