Rubutaccen labarin Innsmouth zan saya ko mai zane?

Tambaya: Malam, kuɗina na littafi ɗaya ne. Ina son karanta "The Shadow over Innsmouth" na H. P. Lovecraft, amma na ga akwai rubutacce, akwai mai zane. Wanne zan ɗauka? Ɗalibi daga Zariya.

Amsa: Ɗan'uwa, fara da rubutaccen. Lovecraft ya rubuta shi a 1931, kuma abin tsoron ba ya cikin dodannin teku da suka yi auratayya da mutanen garin Innsmouth tun zamanin Kyaftin Obed Marsh. Yana cikin jini. 'Ya'yansu ana haifarsu kamar kowa, sai shekaru sun ja idanu su firfito su daina ƙiftawa, gefen wuya ya tattare, gashi ya zube, ƙarshe mutum ya faɗa ruwa. Mai ba da labarin ya tsere daga garin da ƙyar, daga baya ya bi salsalarsa ya tarar shi ma jinin Marsh ne. A rubuce kai ke ƙaddara fuskar a ranka sannu a hankali. Mai zane kuwa dole ya nuna maka ita. Nemi bugun Penguin na 1999 wanda S. T. Joshi ya tsara, akwai labarin a ciki tare da wani labarin Lovecraft ɗin, a kan wani mutum mai suna Arthur Jermyn.

In aljihu ya yi nauyi daga baya, sayi na Gou Tanabe, ɗan Japan, wanda kamfanin Dark Horse ya fitar da Turanci a 2023. Baƙi da fari ne, daga dama ake karantawa. Duba yadda ya zana direban bas, Joe Sargent: mutum ne, amma ba za ka so zama kusa da shi ba.

Tambaya: Zan iya ba ƙanena mai shekara 13? Wata baiwar Allah daga Maraɗi.

Amsa: Hajiya, ki dakata tukuna. Turancin ma da nauyi, sannan marubucin mai wariyar launin fata ne na gaske, ƙyamar gauraya jini ce ƙashin bayan waɗannan labarai. A na Jermyn, wani kakan kakanninsa ya je Kwango ya auro farar gwaggon biri, shi Arthur da ya gano haka ya cinna wa kansa wuta. Ki karanta da kanki, in ya kai 16 ku tattauna.

Tambaya: Na ga "bugun farko" da araha a intanet.

Amsa: Riƙe kuɗinka. Bugun 1936, mai zanen Frank Utpatel, kwafi kusan 200 aka ɗinke. Ba ya zuwa da araha.