Amsa: Daga ina kalmar "rifle" ta samo asali?

Malam, ka tambaya ko "rifle" sunan kowace doguwar bindiga ne. A'a. Sirrin yana cikin bututun. In ka leƙa cikinsa ta wajen haske za ka ga tsage-tsage sun murɗa kamar igiya. Su ke sa harsashi ya fita yana juyawa, ya tafi sambal ba kauce-kauce. Bindigar toka ta maharbanmu cikinta sumul yake, saboda haka ba ta cikin wannan sahu.

Turawan Ingila sun aro kalmar daga Faransanci, "rifler", wato kankara ko karcewa. Da farko aikin yanka tsagar take nufi, sai a ƙarni na 18 sunan ya koma kan bindigar kanta. Kalmar tana da wata ma'anar da ta girmi wannan, tun ƙarni na 14: bincike kayan mutum a wawashe, irin yadda ɓarawo ke birkita akwati.

Tamu "bindiga" kuwa daga Larabci take, "bunduƙiyya". Shi "bunduƙ" wani ɗan itace ne mai ɓawo mai tauri, ƙanƙane, mai kama da ƙwayar dalmar da ake ɗurawa a harba.