Me ya sa salula ta mamaye Afirka, wayar girke kuwa ta kasa yaɗuwa?

Tambaya: Malam, a yammacin Turai kusan kowane gida ya mallaki wayar girke tun kafin zuwan salula. A Afirka kuwa mutane da yawa ba su taɓa riƙe ta ba, sai ga salula a hannun kowa. Me ya jawo haka? Ta girken ta mutu ke nan?

Amsa: Tushen maganar kuɗin shimfiɗa layi ne. Wayar girke sai an ja igiyar tagulla daga ofishin waya har cikin ɗakinka, ana kafa falwaya ko ana haƙa rami, kuma kowane gida da nasa aikin. Idan gari ya yi nisa, gidaje suka warwatsu, ɗawainiyar ta fi ƙarfin abin da za a samu. Ga ɓarayin tagulla, ga shi kuma a wancan lokaci a yawancin ƙasashen Afirka kamfanin gwamnati guda ne ke riƙe da harkar ba mai gasa da shi, har mutum ya shekara yana jiran layi. A Najeriya, kafin 2001, layukan girke ba su wuce rabin miliyan ba, alhali jama'ar ƙasar sun haura miliyan 100.

Salula kuwa turke ɗaya za a kafa, ya ba dubban mutane sabis. Da gwamnatoci suka buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa, nan da nan lissafi ya juya. A Yuganda masu salula sun zarce masu wayar girke tun 1999, shekara uku kafin hakan ta faru a duniya baki ɗaya a 2002. Najeriya ta yi gwanjon lasisin GSM a Janairun 2001, kowanne a kan dala miliyan 285.

Amma ni a ganina, abin da ya fi komai tasiri shi ne katin waya, wanda kamfanin salula na Vodacom ya fara sayarwa a Afirka ta Kudu a 1996. Tsarin girke yana son mai adireshi da albashi, wanda za a aika wa takardar biya a ƙarshen wata. Manomi da 'yar kasuwa da direba ba haka kuɗi ke shigo musu ba. Da kati, iya kuɗinka iya shagalinka: ka sa na yau, in ya ƙare ana iya kiranka duk da haka. Wannan ne ya shigo da talaka, kuma a kansa aka gina sauran, kamar M-Pesa da ta fara aika kuɗi ta waya a Kenya a 2007.

Sai dai a yi hattara da alƙaluma. Layi ake ƙirgawa, kuma mutum guda kan riƙe biyu ko uku, yayin da wasu ƙauyukan har yau sai an hau tudu ake samun sabis. Wannan giɓin yana damuna ƙwarai.

Batun mutuwa kuma, kan wayar da ke bisa tebur ne ya ja baya, igiya tana nan da ranta. Turakun salula da yawa da igiyar faiba, wato siririn zaren gilashi mai ɗaukar saƙo ta hanyar haske, aka haɗa su, haka ma intanet ɗin da ke wayarka ta igiyoyin ƙarƙashin teku yake isowa, irin su SEACOM da ta fara aiki a 2009 da Main One a 2010. Bankuna da jami'o'i da manyan ofisoshi yanzu faiba suke ja har cikin gini, domin ta fi sauri kuma ba ta cika yankewa ba.