Tambaya da Amsa: Zagaya kwazazzaban Amurka a mota mai ɗaki

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Houston da iyalina, mu biyar. Yara sun matsa mu je gandayen shaƙatawa na Grand Canyon da Zion a hutun Yuli. Ina tunanin hayar irin motar nan mai gado da kicin da bayi a ciki, wadda ake kira RV, mafi girma da zan samu, mu zagaya gandayen jihar Utah biyar cikin mako ɗaya. Shin dabara ce mai kyau?

Amsa: Wa alaikumus salam. Tafiyar tana da kyau, amma abu uku a tsarin naka zan taɓa: girman motar, watan, da yawan wuraren.

Fara da motar. Mutum yakan ga kamar babbar mota ita ce jin daɗi, alhali a waɗannan wurare ita ce ke hana ka shiga. Hanyar da ke fita daga Zion ta gabas tana ratsa cikin dutse ta wani rami mai tsawon mil ɗaya da ɗoriya, wanda aka buɗe a 1930, lokacin motoci ƙanana ne. Motar da faɗinta ya kai ƙafa 7 da inci 10, ko tsayinta ya kai ƙafa 11 da inci 4, ba ta wucewa kai tsaye kamar sauran motoci, kuma yawancin motocin hayan nan sun kai hakan. Kafin ka sa hannu a takardar haya, tambayi faɗi da tsayi da tsawon motar, ka rubuta a takarda ka manna a gaban sitiyari, sannan ka duba ƙa'idar gandun ta wannan shekarar. Ga mutum biyar, mai tsawon ƙafa 25 ta isa. Lasisinka na yau da kullum ya wadatar. Sai dai tana shan mai ba ƙaramin sha ba, galan ɗaya bai fi ya kai ka mil 10 ba, kuma kamfanonin haya da yawa suna cajin kowane mil daban.

Wani abin da masu zuwa karon farko ba sa lura da shi: wurin kwana ya fi motar wuyar samu. Yawancin sansanonin cikin gandayen ana kama su ta shafin Recreation.gov, galibi tun wata shida kafin ranar, kuma nan da nan suke cika. Kama wuri tukuna, sannan ka nemi mota. Sansanin Watchman a Zion yana da wuraren jona wuta. A Grand Canyon, Trailer Village ne ke da wuta da ruwa da magudana, Mather kuwa fili ne kawai. In babu wuta, na'urar sanyaya iska sai da janareta, shi kuma akwai sa'o'in da aka kayyade masa.

Motar tana da tanki uku: na ruwa mai tsafta, na ruwan wanke-wanke, da na bayi. Da mutum biyar masu alwala sau biyar, ruwan ba zai kai yadda mai hayar ya faɗa maka ba. Ku riƙe buta da jarkoki, ku rage wankan shaya. Nama na halal kuma ku saya a babban gari irin Las Vegas kafin ku nausa daji.

Yanzu batun Yuli. Kowa zafi yake tsoro, kuma da gaskiyarsa, domin ƙasan Grand Canyon yakan haura digiri 40 a ma'aunin Celsius. Amma ni ruwa na fi tsoro. Daga Yuli zuwa Satumba hadari ke tasowa a yankin. Duk wanda ya san kori a ƙasar Agadas ya san zancen: kana tsaye a busasshen rairayi, rana ƙwal a kanka, ashe an yi ruwa can nesa a kan duwatsu, sai ka ji rugugi. A kwazazzabo mai matsatsi babu gefen gudu. A Agustan 1997 ambaliya ta kashe mutum 11 a Antelope Canyon, a Satumban 2015 kuma ta kashe 7 a Keyhole Canyon cikin Zion. Kowace safiya ku leƙa ofishin baƙi ku ga hasashen ambaliya. In sun ce akwai haɗari, kada ku shiga Narrows, wato kwazazzabon Zion mai matsatsi da ake bi ta cikin kogi, ko yara sun yi kuka. In hutun makaranta zai bari, farkon Yuni ya fi, ko Afrilu da Oktoba. Ku ɗauki rigar sanyi ko da rani ne, don Bryce Canyon yana sama da mita 2,400, dare kan yi sanyi.

Gandaye biyar da Grand Canyon a kwana bakwai kuwa, titi za ku gani, ba kwazazzabo ba. Ku sauka Las Vegas ta jirgi, ku ɗauki motar a can. Kwana biyu a Zion, inda galibin shekara ake ajiye mota a hau bas ɗin gandun, ɗaya a Bryce, biyu a bakin kudu na Grand Canyon. Arches da Canyonlands a bar su sai wata shekara. Katin shiga na shekara, America the Beautiful, dala 80 ne ga mazauna ƙasar, kuma gandaye uku sun mayar maka da kuɗinka.

Ka kula da agogo in ka shiga Arizona, jihar da Grand Canyon yake. Jihar ba ta tura agogo gaba da awa ɗaya da rani, amma yankin 'yan ƙabilar Nabaho da ke cikinta yana turawa, haka ma Utah. Waya takan rikice a tsakani, ta rikita maka lokacin salla da na ganawa da ɗan jagora. In za ku Antelope Canyon, wanda ba a shiga sai da jagoran Nabaho, tambaye su da wane agogo suke aiki.